Rijiya ɗaya, masu karɓa biyu

Alhaji Ɗan Ader:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da kaka. Maganata na da ɗan tsawo, ku yi haƙuri, ɗana ne ke buga mini ita ina faɗa masa.

Ranar Lahadi a kasuwar dabbobi ta nan Tawa na yi kiciɓis da wani ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata, da ke zaune can arewa wajen iyakar Mali. Ba zan faɗi sunan garin ba, kun san dalili. Wata bakwai ban sa shi a ido ba, don hanyar garinsu ta mutu. Sai ga shi tsaye da tumaki goma sha ɗaya, ya rame ya yi baƙi amma yana dariya. Na ce kai, ta ina ka biyo? Ya ce hanya ta buɗe, mutanen daji sun shirya da junansu.

Ga yadda abin yake. Akwai rijiya mai inji tsakanin garinsu da daji. Ƙungiya biyu ke kai komo a wurin. Ɗaya masu babura ne masu wa'azi. Ɗayar kuma 'yan ƙasar ne da suka ɗauki bindiga bayan kashe-kashen 2021, wai kare kai, daga baya suka zama abin da suka zama. Duk rani a bakin rijiyar nan suke harbin juna, har mai kula da injin ya tattara iyalinsa ya gudu. Bana dattawa suka yi ta kai gwauro suna kai mari har aka tsayar da magana: waɗannan su shayar daga asuba zuwa azahar, waɗancan daga la'asar zuwa dare, ranar kasuwa ba mai shiga da bindiga a fili, motar kasuwa ba a taɓa ta. Ba perfe, ba jandarma, ba takarda. Rago aka yanka, aka shafa fatiha.

Na ce alhamdu lillahi. Sai ya tuɓe hula, ya zaro wata 'yar takarda da aka yago daga littafin 'yan lakwal, an ninke ta huɗu, gumi ya cinye gefenta. Ya ce wannan ta masu wa'azi ce, shaidar ya ba da zakka. Ya sa hannu aljihu ya ciro wata, ya ce wannan ta 'yan kare kai ce, jika biyar kowane gida duk wata. Ya ce mini, "Yaya, da suna faɗa, wanda ya fi ƙarfi a makon shi kaɗai ke karɓa, ɗayan ba ya iya shigowa. Yanzu da suka shirya, kowa na shigowa da ranarsa."

Na sayi tumakin, na ji daɗin ganinsa da rai. Amma tun Lahadi abin ke cina. Wannan sulhu ne, ko watanda aka yi da mu?

Mai Zaure:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a fara: ba sunan ƙauye, ba sunan dattijon da ya shiga tsakani, ba hoton kowa. Wanda ya saɓa zan goge ba tare da sallama ba.

Iro Direba:
Alhaji, da girmanka, ni ban ga abin da zai hana ka barci ba. Wanda bai taɓa kwana ƙarƙashin kamiyo yana jin harsashi na huda bodi ba, shi ke raina sulhu. Na yi wannan kwanan, da buhunan gero a sama da yaron mota yana fitsari a wando. Jika biyar? Tsakanin Tawa da Agadas nawa nake zubarwa a shingaye, kuma ba wanda ya taɓa ba ni takarda? Su ko har rasiɗi suka ba shi.

Tsohon Soja:
Iro, rasiɗin nan da kake yaba shi ne ciwon. Mai ba ka rasiɗi yana gaya maka shi ne hukuma.

Kuma ku bar ganin sun daina harbin juna ku ɗauka sun gaji da harbi. Hutu suke. Harsashin da bai tashi a bakin rijiya ba yana nan a jaka, wani wuri zai tashi. Ranar 10 ga Disamba 2019 aka kashe mana sojoji 71 a Inates. Wata ɗaya bayan nan, 89 a Shinagodar. Ku tambayi kanku me ya ba su sararin tara ɗaruruwan mutane a kan babura su zo su koma. Ba wanda ke bin bayansu ne. Lokacin manyan ƙungiyoyin daji biyu, 'yan Alƙa'ida da 'yan Daesh, suna gaisawa a daji kamar 'yan uwa. Ina da yara a cikin waɗanda aka binne, yaran da na koya wa ɗaura takalmi.

Iro Direba:
Allah ya jiƙansu. Ban ce ba su mutu ba, Baba.

Mushe Sani (Yamai):
Allah ya jiƙan mazan jiya. Maganar Baba Soja tana da tushe, bari in ɗan shimfiɗa ta don ƙananan zaure.

A watan Maris 2017 aka haɗa ƙungiyar da ake kira JNIM, ƙarƙashin Iyad Ag Ghali, masu mubaya'a ga Alƙa'ida. Gefe guda ga mutanen Abu Walid Sahrawi, masu bin Daesh. A Siriya waɗannan gidaje biyu yankan rago suke wa juna. Amma nan Sahel sun yi kusan shekara uku suna zaune daji ɗaya ba faɗa, har masana suka riƙa mamaki. Dalilin ba boyayye ba ne: shugabannin sun san juna tun zamanin da suka riƙe arewacin Mali a 2012, mayaƙan kuwa wani ƙanin wani ne, wani surukin wani. Kuma abokin gaba ɗaya suke kallo.

Abin da ya raba su ya fi ban sha'awa. Ba aƙida kaɗai ba ce, ko da yake da ita suka yi ta jifan juna a 2020 da rigimar ta fito fili. Akwai maganar ganima, wa ke da ikon rabawa. Akwai maganar zakka, wa zai karɓa a wane gari. Akwai makiyayar burgu ta bakin kogi a tsakiyar Mali, inda mutanen Amadu Kufa, jagoran JNIM a can, suka bar masu filin gado suna karɓar kuɗin shiga, su kuwa 'yan Daesh suka ce ciyawa ta Allah ce, kowa ya shiga kyauta, matasan makiyaya suka fara sauya sheƙa. Wato abin da ya haɗa mutanen ƙanin Alhaji a bakin rijiya, irinsa ne ya raba manyan.

To amma Baba Soja, ga inda zan rabu da kai kaɗan. Da suka fara kashe juna, talaka ya huta ne? 2021 ita ce shekarar da ba za mu manta ba. Tchoma Bangou da Zaroumdareye ranar 2 ga Janairu, mutum 100. Nan jiharmu, Intazayene da Bakorat da Wistane a yankin Tillia, ranar 21 ga Maris, mutum 137 a yini ɗaya. Daga Maris 2022 kuma yankin Menaka ya kama da wuta, kun ga 'yan gudun hijirar da suka kwararo mana. Suna shiri, soja ya ji jiki. Suna faɗa, ƙauye ya ji jiki. Gaba kura baya sayaki.

Ardo Ƙarami:
Mushe ka yi bayani, amma daga sama ka fara. Mu daga ƙasa muka gan shi.

Kafin a san wani Daesh, akwai rigimar rijiya da satar shanu tsakanin Fulanin iyaka da Dawsahak, makiyayan yankin Menaka, tun muna yara. Mutum ya rasa garke, ya kai ƙara ba a kula shi ba, ya kai na biyu aka ce ya kawo kuɗin mai. Sai wani ya zo ya ce ga bindiga. A 2017 da 2018 aka bar 'yan MSA da GATIA, ƙungiyoyin Dawsahak da Buzayen Mali masu bindiga, suna farautar 'yan ta'adda a bakin iyaka tare da Faransawa, su kuma suka haɗa da tsoffin abokan gabarsu na bakin rijiya. Ka je ka ƙirga samarin da suka shiga daji bayan wannan.

Ni abin da sulhun bakin rijiya ke nufi gare ni ɗaya ne. Ba sulhu, kawuna ya kora shanu ya wuce gabas a ce ɗan leƙen asirin yamma ne, ya dawo yamma a ce daga wurin 'yan ta'adda yake. Akwai sulhu, ya shayar ya wuce. Saniya ba ta san siyasa ba, kwana biyu ba ruwa ta kwanta.

Ɗan Dogon Dutsi:
Ardo bawana, kai da saniya dai. Ko aljanna aka ce ka shiga sai ka tambaya akwai burtali?

Ardo Ƙarami:
Ba'are, ka bari manya su gama, za a kira ka lokacin tuwo.

Malam Habibu:
Bismillah. Ina so in raba abu biyu da ake cakuɗawa, don na ji wasu a gari suna cewa ai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi sulhu da Ƙuraishawa, saboda haka kowane sulhu halas ne.

Gaskiya ne an yi Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan hijira, aka ajiye yaƙi na shekara goma. Sharuɗɗan sun yi wa sahabbai ɗaci, har Abu Jandal ya zo da mari a ƙafa aka mayar da shi hannun mahaifinsa Suhailu, wanda shi ne ma wakilin Ƙuraishawa. Sayyidina Umar bai iya ɓoye ɓacin ransa ba. Saboda haka wanda ya haɗiye ɗaci don a tsare jini, yana da magabata, kada a zage shi. Dattawan garin ƙanin Alhaji ba su yi laifi ba.

Amma a lura, an rubuta Hudaibiyya, an san wa'adinta, an san wanda ya shiga ƙarƙashin kowane ɓangare. Kuma me ya warware ta tun ba ta cika shekara biyu ba? Ba manyan ne suka fara ba. Banu Bakar, ƙawayen Ƙuraishawa, suka auka wa Khuza'a, ƙawayen Musulmi. Ta gefe ake ɓarke sulhu. Ku riƙe wannan.

Zakka kuwa, Alhaji, ka gaya wa ƙaninka abin da aka karɓa ba sunansa zakka ba sai in ya cika sharaɗi. Tumaki ba sa hawa nisabi sai sun kai 40, a fitar da ɗaya. Shanu sai 30, a fitar da ɗan maraƙi. Sau ɗaya a shekara. Kuma an hana mai karɓa ya zaɓi mafi kyawun dukiyar mutane. Wanda ya zo da bindiga ya nuna bijimin da ya fi ƙiba, ya dawo bayan wata huɗu, ya nemi wani suna ya sa wa abin.

Alhaji Ɗan Ader:
Allah gafarta Malam, tumakinsa duka ba su kai talatin ba, aka ɗauki biyu. Wa zai tsaya karanta musu nisabi?

Nana Hadiza:
Ina neman afuwar iyayena da ke zauren. Tun ɗazu ina karantawa, rijiya, shanu, hanya, kasuwa. Tambaya ɗaya gare ni: ranar da aka yanka ragon nan, mace nawa ce a wurin?

Na tambaya ne don akwai abin da ake biya wanda ba ya shiga hula ko aljihu. Ku duba Farabugu a Mali, yankin Niono. Oktoba 2020 aka yi wa garin ƙawanya, ba shiga ba fita, sai ta sama ake jefa musu abinci. Maris 2021 Majalisar Ƙoli ta Musulunci ta Mali ta shiga tsakanin maharba 'yan Donso da mutanen Kufa, aka tsagaita wuta, manoma suka koma gona. Kowa ya yi murna. Amma irin waɗannan yarjejeniyoyi na tsakiyar Mali, abin da ake ba masu wa'azi kusan iri ɗaya ne: su shiga su yi wa'azi, su karɓi zakka, su yi shari'a, mata su rufe jiki yadda suka ce, lakwal kuwa ta zauna a rufe. Maza suka samu gona, 'ya'ya mata suka rasa aji. Kuma ko damina ɗaya sulhun Niono bai ƙetare ba.

Baba Alhaji, don Allah in ka sake magana da shi ka tambaye shi lakwal ɗin garinsu tana buɗe? Ni dai na lura takardar da aka ba shi daga littafin ɗalibi aka yago ta.

Ɗan Dogon Dutsi:
To fa. Yarinyar nan ta fi mu gani.

Iro Direba:
'Yata, lakwal ɗin ai tun kafin sulhu take rufe. Mushen ya gudu shekara uku da suka wuce. Sulhu bai rufe ta ba.

Nana Hadiza:
Bai rufe ta ba kawu, amma ya sa mata kwaɗo. Da ana cewa an rufe saboda tsoro. Yanzu an rufe da yardar dattawa.

Hajiya Rabi:
Hadiza 'yata, maganarki gaskiya ce, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Amma bari in ba ki nawa gefen, shekara ashirin da ɗoriya ina aikin likita a karkara.

Akwai shekarar da ƙyanda ta shiga wasu rugage da ƙauyuka a arewa. Muna da allura, muna da akwatin sanyi, ba mu da hanya. Ƙanƙarar akwatin nan ba ta jira, in ta narke allurar ta zama ruwan banza. Wani tsohon limami ne ya hau jaki ya je ya dawo ya ce an ba mu kwana biyu. Aka ce kada mu zo da mota mai tambarin gwamnati, kada namiji ya yi wa mace allura, kada a ɗauki hoto. Muka yarda. Muna ƙarƙashin wata aduwa muna aiki, sai ga wani saurayi da rawani har ido, bindiga a baya, ya sauke yara biyu daga babur ya tura su layi. Bai ce mini uffan ba, ni ma ban ɗaga kai ba. Na ɗiga, na soka, na shafa wa ƙaramin kai don yana kuka. Da yamma wasu suka kawo nasu, daga ɗaya ɓangaren.

Ba mu muka fara wannan ba. A ƙasar Salbado, can Amurka ta tsakiya, daga 1985 soja da 'yan tawaye suka riƙa ajiye bindiga kwana uku a shekara don a yi wa yara rigakafi, malaman coci da UNICEF ne suka shiga tsakani, kuma aka yi ta maimaitawa har yaƙin ya zo ƙarshe. Ba wanda ya ce wannan ya gama yaƙi. Yara dai sun rayu.

Ni ban san sunan abin da aka ba mu kwana biyun nan ba. In watanda ce, Alhaji, to na ci nama.

Lawali Ƙonni:
Hajiya Allah ya saka. Sai dai ni ina bakin iyakar kudu, abin da nake gani daban ne.

Mu nan tsallaken Illela muna kallon yadda ake yi a Sakkwato da Zamfara. Gari ya gaji, ya tara kuɗi ya kai wa mai daji, a ce ku yi noma bana. Madalla. To yaran mai dajin nan da suka saba da samu kullum, zama za su yi su ci sulhu? Sai su tsallake garin da ya biya su faɗa wa wanda bai biya ba. In duk yankin ya biya, su tsallako mana, wajen Madawa da Bangi sun san zancen. Gwamnan Zamfara ya yi nasa sulhun a 2019, aka yi ta ɗaukar hoto da bindigogin da aka miƙa, ku duba inda aka kwana.

Sannan Lakurawa, masu wa'azi da bindiga na can Sakkwato. Mutanen Tangaza da Gudu, shugabanninsu ne suka yi maraba da su tun farko don su kore musu ɓarayin shanu. Sun kore ɗin kuwa. Da suka gama sai suka zauna, suka fara karɓar zakka, suna duba wayoyin samari suna bulala. An ba kura ajiyar nama saboda tsoron kare.

Shi ya sa in na ji an ce gari kaza ya samu lafiya, tambayar da nake yi ita ce wane gari ne maƙwabcinsa.

Tsohon Soja:
Yawwa Lawali. Ka faɗi abin da na kasa faɗa.

Mushe Sani (Yamai):
Ina ganin muna kiran abubuwa daban-daban da suna ɗaya, shi ya sa muke ta zagaye. Na Hajiya hutu ne na kwana biyu don aiki ɗaya, ba wanda ya sayar da komai. Na Lawali sayen kai ne. Na ƙanin Alhaji kuwa masu bindiga ne suka raba gari, dattawa suka yi musu shaida.

Akwai kuma irin na Banibangu. Ku tuna a Nuwamba 2021 magajin garin ya fita da 'yan sa-kai, aka kashe mutum 69 har da shi. Bayan wannan jinin, a Janairu 2023 al'ummomin yankin, Zabarmawa da Fulani da Buzaye da sauransu, suka sa hannu kan yarjejeniya a gaban hukuma, bayan an daɗe ana zama. A can ba rabon lokacin shayarwa kawai aka yi ba, an taɓo asalin ciwon: gona da burtali, dabbobin da aka sace, zargin da ake wa ƙabila sukutum saboda laifin 'ya'yanta kaɗan. Wani abokin aikina ɗan can ya ce mini a shekarar ya ga mutanen da suka yi shekara biyu ba su taka kasuwa ɗaya ba suna ciniki. Ban ce ta warkar da yankin ba, kun ji harin da aka kai wa soja a garin a Yunin 2025. Amma ta rage wa masu daji abin da suke kamun kifi da shi, wato gabar maƙwabci da maƙwabci.

Wanda ke ba ni tsoro shi ne na Fashir a Darfur. Da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilu 2023, dattawa da malaman garin suka yi abin da ya gagari manyan ƙasashe: soja ya tsaya gefensa, rundunar RSF da ke yaƙi da sojan ta tsaya gefenta, ƙungiyoyin Darfur da suka ce ba ruwansu suka tsaya tsakiya suna gadin kasuwa. Sauran manyan garuruwan Darfur suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, Fashir na tsaye, mutane suka yi ta gudowa cikinta don an ce can ne lafiya. Nuwamba 2023 su Minnawi, shugabannin ƙungiyoyin nan na tsakiya, suka ce sun bar tsakiya sun bi soja. Mayu 2024 ƙawanya ta rufe. Oktoba 2025 garin ya faɗi, kun ga abin da aka gani. Sulhun ya ceci rayuka shekara guda, kuma shi ne ya tara mutane wuri ɗaya. Duka biyun gaskiya ne, na rasa yadda zan auna su.

Hajiya Rabi:
Inna lillahi. Mushe, amma da ba a yi ba, da tun 2023 aka yi musu abin da aka yi.

Mushe Sani (Yamai):
Wataƙila, Hajiya. Wataƙila kuma da sun watsu tun hanya na buɗe. Ba ni da amsa.

Tsohon Soja:
Kada a ce ni maƙiyin sulhu ne. Ina cikin kaki lokacin tawayen Buzaye na farko, bayan kashe-kashen da aka yi a Cintabaraden a Mayun 1990. Na yi gadi a arewa ina jin sunan Rhissa Ag Boula, madugun 'yan tawaye, kamar sunan aljani. Ranar 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu kan sulhu a Yamai, ranar da har yau muke hutu saboda ita. Satumba 2000 aka tara bindigogi a Agadas aka cinna musu wuta. Bayan nan na ci tuwo kwano ɗaya da wanda muka yi harbin juna, an ba shi kaki irin nawa, ya zama mai kwana kusa da ni. Ya nuna mini dutsen da yake ɓuya yana kallonmu, muka yi dariya.

Wannan shi ne sulhu a wurina. Ƙasa na zaune a kan tabarma, bindiga ta bar hannu. Na bakin rijiya kowa na riƙe da tasa, agogo kawai aka raba.

Ardo Ƙarami:
Baba, 2007 fa? 'Yan tawayen MNJ ba daga sama suka faɗo ba.

Tsohon Soja:
Sun dawo, an sake zama, 2009 aka gama. Ka ga Agadas ta zama Kidal ta arewacin Mali?

Ardo Ƙarami:
Ba ta zama ba. Amma kafin ƙasa ta zo ta zauna a tabarmar, kawuna ya shayar da shanunsa ina? Na zaune bai ga gari ba, Baba. Dattawan nan ba su ce sun gama yaƙi ba, rani ɗaya suka saya.

Nana Hadiza:
Da kuɗin wa?

Alhaji Ɗan Ader:
Jama'a na gode, na karanta duka, wanda ban gane ba ɗana ya maimaita mini. Bayan isha'i na samu ƙanin nawa a waya, ya hau tudu inda ake samun layi.

Hadiza, na tambaye shi. Lakwal a rufe take, 'yan kare kai ne ma ke kwana a ciki. Ya yi mamakin tambayar.

Lawali da Malam, ku ne kuka sa na yi masa tambaya ta biyu, da ma ban yi ba. Na ce garin da ke yamma da ku fa, su ma suna cikin fatihar? Ya yi shiru har na ɗauka layi ya yanke. Ya ce ba su ciki, maigarinsu ya ƙi zuwa, ya ce ba ya zama da masu kashe mutane. Kwana ashirin da suka wuce aka kore musu shanu kaf, aka kashe makiyaya biyu. Ya ce, "Yaya, da safe ina ganin shanun a bakin rijiyarmu ana shayar da su. Na san lambar wutar da ke cinyarsu, na san masu su, matata 'yar garin ce. Waɗanda ke zuwa da la'asar su ma sun gani, ba wanda ya ce komai, don an yi fatiha."

Kuma ya ce kasuwarsu ta cika da shanu masu araha, bijimin da zan saya jika ɗari uku nan Tawa, can ana ba da shi ɗari da tamanin. Wai in zo da kuɗi. Shekara talatin ina wannan sana'a, na san abin da araha irin wannan ke nufi.

Malam Habibu:
Alhaji, ba sai na faɗa maka hukuncin ba.

Alhaji Ɗan Ader:
Ba sai ka faɗa ba, Allah gafarta Malam. Sai dai a kasuwar nan akwai na halas, irin tumakin ƙanena, kuma in ba mu je mun saya ba, da me zai biya jika biyar ɗin wata mai zuwa?

Iro Direba:
Alhaji ni dai Laraba da asuba zan tashi, gero da sukari zan kai, in dawo da abin da aka loda mini. In ajiye maka gaba ko in ba wani?

Alhaji Ɗan Ader:
Ajiye mini. Ardo, ka san mutanen yammacin can, ka sa a zana maka lambar wutarsu da yankan kunnen tumakinsu a takarda, ka turo mini ta gefe kafin Talata da dare.

Ardo Ƙarami:
Lamba uku ce, gida uku. Zan kira kawu in ya sauko daga daji.